Wushiryar Ram

Shekara tara kwamfutata na kan teburin nan,
a shagona na Ali Ɗan Sofo, kusa da mai shayi.
Ita ta buga katin suna, ta buga takardar fili,
ita ta zana tambarin man gyaɗar Cima
da ake liƙa wa galan ana kai wa Jibiya.
Bana ta gaji.
In na buɗe hoto ɗaya sai in tashi in yi alwala,
in dawo tana nan tana tunani.

Na tara jika ashirin da biyar a gwangwanin madara.
Ɗan ƙanena ya sawo mini ram daga Kano,
sabuwa fil, cikin roba mai ƙyalli,
ya ce wadda ta fi ta sai a ƙasar Sin.
Da dare na kwance sukurori huɗu,
na hure ƙurar fanka har na yi atishawa,
na ɗora ta bisa ramin, na danna.
Ta ƙi.
Na juya ta, na danna. Ta ƙi.
Babban yatsana ya yi ja,
har zuciya ta fara ba ni shawarar guduma.

Da safe na ɗaure akwatin a bayan kabu-kabu,
sai rumfar Kalla, bayan babbar kasuwa,
inda matattun injuna ke jere kamar buhunan gero.
Bai taɓa ram ɗin ba tukuna.
Ya haska uwar allo da tocilan ɗin waya,
ya karanta lambar da ke rubuce a gefenta,
ya rubuta a tafin hannunsa da biro.

Ya ce, mi ka sawo, malam?
Dubi wagga wushirya tsakanin haƙoranta,
dubi kuma ɗan tudun da ke cikin ramin.
Sun yi daidai? Ba su yi ba.
Taka 'yar zamani na huɗu ce,
allonka kuwa ɗan na uku.
Da ka ƙara ƙarfi, da yau gawa ka kawo mini.

Na ce to a canza ƙwaƙwalwar gaba ɗaya.
Ya ce ita ma da kujerarta,
ƙafafu dubu da ɗoriya, kowace da gurbinta,
ɗaya ta lanƙwashe, an gama.
Na nuna wani katin hoto mai fanka biyu a rataye.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
Akwatin wutarka wat ɗari biyu da hamsin,
linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.
Ko ka ciyar da shi, auna tsawonsa da taƙi,
murfin ba zai rufu ba.

Sai ya tona cikin wata tsohuwar inji ta banki,
ya fito da ram biyu, koraye, marasa kwalliya,
tagwaye, gudunsu ɗaya, lambarsu ɗaya.
Ƙas. Ƙas.
Ko ƙarfin ɓare gyaɗa bai sa ba.
Ya ƙara mini ƙaramin ma'aji marar motsi,
ya karɓi tawa mai ƙyalli, na cika jika uku.

Muka jira Nijelek ta maido wuta
har aka kira azahar.
Ya danna. Fanka ta juya.
Ƙara ɗaya, gajera, irin ta lafiya lau.

Yanzu hoton galan ɗin Cima na buɗewa
kafin in ajiye kofin shayi.
Lambar allon na rubuta ta a bango,
ƙarƙashin lambar mai gyaran janareto,
don ɗan ƙanena zai koma Kano bayan salla
kuma na san ba zai dawo hannu wofi ba.